Marigayi Dakta Tijjani Almahi: Likitan Bahri da ke fara sanin mutum kafin ya rubuta masa magani

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a Umdurman ta ƙasar Sudan, ko ya bi ta can a kan hanyar fatauci ko neman ilimi, da wuya a ce bai taɓa jin sunan Tijjani Almahi ba, domin kuwa sunan da aka raɗa wa babban asibitin masu taɓin hankali na garin ke nan tun shekarar 1971. Sai dai da yawa sun san asibitin, amma ba su san mai sunan ba. Shi ne ɗan ƙasar Sudan na farko da ya ƙware a fannin likitancin ƙwaƙwalwa, kuma har yau ana kiransa uban wannan fanni a nahiyar Afirka.

Abin da ya sa muka kawo tarihinsa a wannan fili na 'yan kasuwa shi ne, aikin rayuwarsa ya tsaya ne a kan abu guda wanda fatake suka fi kowa sakaci da shi, wato doguwar hulɗa tsakanin majiyyaci da likitan da ya san shi. Mutumin da yau yake Jibiya, gobe Maraɗi, jibi Illela ko Birnin Ƙonni, yakan wayi gari yana da dillali a kowace kasuwa da mai masauki a kowane gari, amma ba shi da likita ko ɗaya da zai iya faɗin abin da ya same shi bara.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Tijjani Almahi a cikin watan Afrilu na shekarar 1911 a garin Kawwa, wanda ke bakin kogin Farin Nilu, kudu da birnin Khartum. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar, kodayake Turawan Ingila ne ke riƙe da wuƙa da nama. Bayan karatun farko, ya shiga Kwalejin Gordon da ke Khartum, wadda ita ce makaranta mafi girma a ƙasar a wancan zamani. Daga nan ya wuce Makarantar Koyon Likitanci ta Kitchener, wadda aka buɗe a 1924, kuma ita ce daga baya ta zama sashen koyon likitanci na Jami'ar Khartum. Ya kammala a shekarar 1935 yana da shekara 24 a duniya.

A wancan lokaci likitoci 'yan ƙasa ba su taka kara sun karya ba, domin 'yan ɗalibai ƙalilan makarantar ke yayewa a kowace shekara, ga shi kuwa ƙasar ita ce mafi faɗi a Afirka kafin a raba ta a 2011. Saboda haka duk wanda ya fito, gwamnati kan tura shi inda ta ga dama, ya zama shi ne wuƙa shi ne nama a asibitin gari guda.

Aikin gwamnati a garuruwan kan hanya

Dakta Tijjani ya yi fiye da shekara goma yana aikin likitan gwamnati mai duba kowace irin cuta. Ya yi aiki a Umdurman da Khartum da Kosti da kuma Wadi Halfa. Waɗannan garuruwa biyu na ƙarshe sun cancanci mai karatu ya ɗan tsaya a kansu.

Kosti mahaɗa ce ta jirgin ƙasa da jirgin ruwa a bakin Farin Nilu. Ta nan layin dogon da ya taso daga Al'ubayyid yake tsallake kogi, kuma wannan ita ce hanyar da dubban maniyyata daga Kano da Sakkwato da Barno suka riƙa bi zuwa bakin Bahar Maliya. Wasu sukan yi shekaru a hanya suna aikin auduga a gonakin Jazira domin tara guzuri, wasu kuma suka zauna dungurungum, kamar yadda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa garin Mai Wurno a kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. Ita kuwa Wadi Halfa garin kan iyaka ce da Masar, inda a wancan zamani jirgin ƙasa ke ƙarewa a shiga jirgin ruwa zuwa Aswan. Tsohon garin ma ruwan madatsar Aswan ya cinye shi a shekarun 1960.

Likitan da ya zauna a irin waɗannan garuruwa yakan ga kowane irin mutum: manomi, makiyayi, ma'aikacin jirgi, falke, da baƙon da bai jin Larabci. Yakan yi fama da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da sanƙarau da tarin fuka, ya karɓi haihuwa, ya ɗinke rauni. Kuma yakan ga wani rukuni na majiyyata da ke dawowa kullum da ciwon kai ko faɗuwar gaba ko rashin barci, a auna su ba a ga komai ba. Wannan zama da ya yi cikin jama'a kafin ya ƙware shi ne harsashin duk abin da ya gina daga baya. Masu rubuta tarihinsa ma suna ambaton Hausa cikin jerin harsunan da ya sani, tare da Larabci da Ingilishi da Latin da Farisanci.

Daga Landan zuwa Bahri

A ƙarshen shekarun 1940 aka tura shi Landan, inda ya yi karatu a cibiyar likitancin ƙwaƙwalwa da ke haɗe da asibitin Maudsley, ya kuma sami takardar ƙwarewa a shekarar 1949. Da ya dawo gida sai ya buɗe asibitin farko na wannan fanni a ƙasar, a garin Bahri.

Ga wanda bai san wurin ba, babban birnin Sudan garuruwa uku ne da koguna suka raba. Khartum tana tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, nan ne gidan gwamnati. Umdurman tana yamma, nan ne tsohon gari da babbar kasuwa. Bahri kuwa tana arewa, ƙetaren Shuɗin Nilu, garin ma'aikata ne da masana'antu da wurin gyaran jiragen ruwa. A cikin waɗannan talakawa ya kafa asibitinsa.

Abu biyu ya kamata a lura da su game da wannan asibiti. Na farko sunansa. An kira shi asibitin cututtukan jijiya, babu kalmar hauka a ciki, don haka magidanci zai iya kawo matarsa ko ɗansa ba tare da fargabar cewa gobe za a ƙi auren 'ya'yan gidan ba. Na biyu kuma, asibitin sha-ka-tafi ne. Majiyyaci kan zo da danginsa, a duba shi, ya koma gida ya kwana cikin iyalinsa, sannan ya dawo a ranar da aka sa masa. Wannan ya sha bamban da abin da aka saba a ƙasashen da Turawa suka mulka, inda mai taɓin hankali, idan ya gagari dangi, yakan ƙare a kurkuku ko a wani gida mai doguwar katanga, a rabu da shi har abada.

Tsarin sha-ka-tafi ba ya tafiya sai da amana. Idan majiyyaci bai yarda da likita ba, ba zai dawo ba. Idan dangi ba su fahimci ciwon ba, ba za su tuna masa da magani ba. Shi ma likita ba zai gane ko sauƙi ake samu ko akasin haka ba, sai idan ya san yadda mutumin yake tun farko: sana'arsa, yawan iyalinsa, bashin da ke kansa, rasuwar da aka yi masa, da abin da shi kansa ya yi imani shi ne silar ciwon. Ra'ayin Dakta Tijjani, wanda ya yi ta nanatawa a rubuce-rubucensa, shi ne ba a raba majiyyaci da al'adarsa da addininsa da danginsa, kuma likitan da ya jahilci waɗannan aikinsa ragagge ne ko da ya haddace littattafan Landan.

A daidai wannan lokaci ne kuma magungunan zamani na taɓin hankali suka fara fitowa. Na farkonsu, wanda ake kira chlorpromazine, an fara amfani da shi a Faransa a 1952. Irin waɗannan magunguna suna kwantar da ciwo matuƙar ana shan su, amma da yawa idan aka daina da ka, ciwon kan dawo. Wato zuwan maganin ya ƙara wa majiyyaci buƙatar likita tsayayye wanda zai riƙa ƙara ma'auni ko rage shi gwargwadon hali.

Shi da shehunai

Abin da ya fi fito da sunan Dakta Tijjani a duniya shi ne yadda ya ɗauki malaman addini da masu maganin gargajiya. A Sudan, kamar a ƙasar Hausa, wanda ya sami taɓuwa wurin malam ake fara kai shi. Suna da rubutun sha wanda suke kira mihaya, da turaren takarda mai ayoyi da suke kira bakhra, da tofi da suke kira azima. Suna kuma da zar, wanda ɗan'uwan bori ne, galibi a hannun mata. Likitocin Turawa sun ɗauki duk wannan a matsayin jahilci da ya kamata a kawar.

Shi kuwa sai ya bi su ya zauna da su, ya yi nazarin aikinsu, ya yi rubutu a kan zar. Abin da ya lura da shi shi ne, shehi yana da wani jari da asibiti ba shi da shi. Ya san majiyyaci, ya san ubansa, wataƙila ma shi ya raɗa masa suna. Ƙofarsa a buɗe take dare da rana, ba ya gaggawar sallamar mutum, kuma yana magana da harshen da mutum ya yarda da shi. Saboda haka maimakon gaba, sai Dakta Tijjani ya nemi a yi aiki tare, ta yadda shehi zai riƙa turo waɗanda ciwonsu na asibiti ne, shi kuma likita ba zai hana majiyyaci addu'arsa ba. Wannan kusanci ne kuma ya ba likitoci bakin yin magana a kan abubuwan da ke cutarwa a wasu wuraren, irin su ɗaure majiyyaci da mari, da bulala, da hana shi abinci mai gina jiki.

Almajirinsa kuma magajinsa a asibitin Bahri, Dakta Taha Ba'ashar, ya ci gaba da wannan hanya, musamman da tsangayar Umm Dawwan Ban da ke gabas da Khartum, wadda Shehu Al'ubaid wad Badr ya kafa a ƙarni na 19, kuma ta shahara da karatun Alƙur'ani da karɓar masu taɓin hankali. Daga baya aka sa wa asibitin ƙwaƙwalwa na Bahri sunan Ba'ashar.

Masar, Majalisar Ɗinkin Duniya da Najeriya

A shekarar 1956, wadda a ranar farkonta Sudan ta sami 'yancin kai, Ingila da Faransa da Isra'ila suka kai wa Masar hari a kan mashigin ruwa na Suwes. Dakta Tijjani na cikin waɗanda suka sa kai suka tafi taimakon Masar. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1964 kuma ya yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya a ofishinta na yanki da ke Iskandariyya, a matsayin mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, abin da ya ba shi damar kai ra'ayinsa ƙasashe da dama.

A Najeriya ma an sami mai irin wannan tunani, wato marigayi Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda shi ma a Maudsley ya ƙware. A 1954 ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda ake saukar da majiyyaci a gidajen ƙauyawa tare da wani danginsa, yana zuwa asibiti da rana, ana kuma shigar da masu maganin gargajiya cikin aikin. A Abeokutar ne aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a 1961. Waɗannan mutane biyu, ɗaya a bakin Nilu ɗaya a ƙasar Yarbawa, su ake fara ambata idan ana tarihin wannan fanni a nahiyarmu.

Ma'abocin littattafai

Bayan likitanci, Dakta Tijjani mutum ne mai tsananin son karatu. Ya tara littattafai kimanin 20,000, ban da tsofaffin rubuce-rubucen hannu da taswirori da tsabar kuɗin da, waɗanda aka mallaka wa Jami'ar Khartum. A 1959 ya wallafa littafi da Larabci a kan tarihin likitancin Larabawa.

A cikin wannan tsohon likitanci na Musulmi da ya rubuta tarihinsa akwai shawarar da ake dangantawa ga Abubakar Arrazi, babban likitan Bagadaza da ya rasu wajen shekarar 925, cewa ya fi wa majiyyaci ya tsaya ga likita guda da ya amince da shi, domin mai yawon likitoci yakan kwashi kuskuren kowannensu. Ashe ke nan abin da aka gwada a Bahri yana da tsohon asali.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

A shekarun ƙarshe na rayuwarsa ya riƙe kujerar farfesan likitancin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Khartum. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 8 ga Janairu, 1970, bai cika shekara 59 ba. Shekara guda bayan haka aka buɗe asibitin Umdurman da sunansa, daga baya kuma Dakta Ahmad Assafi da Dakta Ba'ashar suka tattara maƙalunsa aka buga.

Bincike ya zo ya gaskata shi bayan ransa. A shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da wani nazari a ƙananan asibitoci na wasu ƙasashe masu tasowa, ciki har da yankin Shajara da Jabal Auliya a kudancin Khartum. Sakamakon da aka buga a 1980 ya nuna cewa kusan kashi 14 cikin 100 na masu zuwa ɗakin shan magani suna da wata damuwa ta ƙwaƙwalwa, yawancinsu da kukan ciwon jiki suke zuwa, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku kawai ma'aikatan lafiya ke ganewa. Wanda ya ga mutum sau ɗaya na minti biyar, ciwon kan da aka faɗa masa shi zai yi wa magani.

Maganar ba ta tsaya ga ƙwaƙwalwa ba. A 2018 wasu likitoci a Ingila suka tattara nazari 22 daga ƙasashe daban-daban, 18 daga ciki suka nuna cewa mace-mace sun fi ƙaranci a cikin masu ganin likita ɗaya a kai a kai. Wani nazarin kuma da aka yi a ƙasar Nowe a kan mutum miliyan huɗu da rabi, aka buga a 2022, ya gano cewa waɗanda suka haura shekara 15 da likita guda, haɗarin mutuwarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da masu shekara ɗaya kacal da likitansu.

Ita kanta Bahri ta ɗanɗana abin da yankewar wannan igiya ke jawowa. Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ci garin sosai, asibitoci da dama suka rufe, likitoci suka watse, fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. Masu hawan jini da ciwon suga da farfaɗiya da masu wankin ƙoda suka wayi gari a Adire ta ƙasar Chadi ko Gallabat ta kan iyakar Habasha ko Wadi Halfa, babu kati, babu magani, babu wanda ya san tarihinsu. Ba kowa harsashi ya kashe a wannan yaƙi ba.

Rabon ɗan kasuwa a wannan tarihi

To, ɗan'uwa falke, kai da kanka ka san darajar doguwar hulɗa. Ba ka ba baƙon da ka gani yau bashin buhu ɗari, sai wanda kuka shekara goma kuna ciniki. Lafiyarka ta fi buhu ɗari. Yadda mafi yawanmu ke yi shi ne, ciwo ya taso a Maigatari a shiga kemis, ya taso a Ɗan Isa a sayi ƙwaya a faranti, ya yi tsanani a je asibitin kuɗi a buɗe sabon kati, da an ji dama-dama a watsar. Hawan jini da ciwon suga ba sa warkewa da wannan, a hankali suke ci har ranar da mutum zai yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kasuwa.

Abin yi ba mai wuya ba ne. Ka zaɓi asibiti guda a garin da iyalinka suke, ko da ƙaramin asibitin unguwa ne, ka riƙe katinsa kamar yadda kake riƙe takardun kwastan, ka nemi ganin ma'aikacin da ya saba ganinka. Ka tanadi ɗan littafi da za a riƙa rubuta awon jininka da sunan maganinka na asali, domin sunan kamfani yakan canja daga ƙasa zuwa ƙasa, har mutum ya haɗa magani iri ɗaya sau biyu bai sani ba. Ko awon ma yakan bambanta: abin da za a ce maka 14 da 9 a Maraɗi, shi ne 140 da 90 a Katsina. Kafin doguwar tafiya ka karɓi maganin da zai ishe ka. Idan larura ta kai ka wurin wani likita a hanya, ka kawo wa naka takardar idan ka dawo.

Sannan kada ka ɓoye masa komai. Idan kana shan rubutu ko jiƙo ko tsimi, ka faɗa. Idan kana haɗiyar tramadol domin jure zaman mota, ka faɗa. Idan karayar jari ko faɗuwar naira a gaban sefa ce ta hana ka barci, wannan ma maganar asibiti ce. Likitan da ya san ka shi zai bambance ciwon kan zazzaɓi da ciwon kan bashi. Su ma likitocinmu akwai nasu kason, domin majiyyacin da aka daka wa tsawa ko aka yi wa dariya don ya ce ya je wurin malam, ba zai sake faɗin gaskiya ba, wataƙila ma ba zai sake dawowa ba.

Fiye da shekara hamsin ke nan da rasuwar Dakta Tijjani Almahi. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya, mu kuma Ya ba mu lafiya mai amfani da kasuwa mai albarka.